DT40: Ƙwayar halittar kaza da ta bayyana yadda jiki ke gyara DNA, da darasinta ga rumbunan Kankiya da Kusada

A ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Katsina, kaza ce asusun mace mafi kusa. Ita ake kamawa a kai kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo, ita ake yanka wa baƙo, ita kuma ake sayarwa a yi hidimar Sallah. A ɗakunan gwaje-gwaje na Kiyoto da Kambirij da Budafes kuwa, kaza tana da wani matsayi dabam. A can akwai wata zuriyar ƙwayoyin halitta da aka samo daga jikin kaza guda, aka ba da rahotonta a shekarar 1985, kuma har yau tana hayayyafa cikin kwalabe. Sunanta DT40.

Da wannan zuriya masana suka gano abubuwa da dama game da yadda jikin tsuntsu da dabba da ɗan Adam ke gyara DNA idan ya lalace, da abin da ke biyo baya idan gyaran ya gaza. Ilimin ya shafi sankara da magungunanta. Ya kuma shafi wata guba da ke ɓoye cikin gyaɗa da masarar da ake ajiyewa a rumbu, wadda ita ce mahaɗar wannan bincike da rayuwar manomin tsakiyar jihar Katsina.

DNA da lahanin da ke samunsa kullum

Jikin mutum ginanne ne da ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai DNA, wato kundin gado da ke ɗauke da umarnin yadda jiki zai ginu, ya kuma yi aiki. An rubuta kundin da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, jere a kan zare biyu da suka murɗe da juna kamar igiya. A tana fuskantar T, C kuma tana fuskantar G, saboda haka wanda ya san abin da ke kan zare ɗaya ya san abin da ke kan ɗayan. Kundin ɗan Adam yana da haruffa kimanin biliyan 3, kuma kowace ƙwaya tana da kwafi biyu, na uwa da na uba. Da za a warware DNA na ƙwaya guda a miƙe shi, tsawonsa zai kai kusan mita 2.

An rarraba kundin zuwa ɗaure-ɗaure da ake kira kuromosom. Mutum yana da 46, kaza tana da 78. A cikin kowane ɗauri akwai sassa da kowannensu ke ba da umarnin haɗa furotin guda. Waɗannan sassa su za mu kira babin gado a wannan maƙala.

Har zuwa wajajen 1970, masana da yawa sun ɗauka DNA abu ne mai ƙarko ƙwarai. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa yana ruɓewa da kansa sannu a hankali: a kowace ƙwaya, haruffa kimanin 10,000 ne ke faɗuwa daga zaren a kowace rana, ko da babu wata guba. A kan wannan sai a ƙara lahanin da ke zuwa daga waje, irin su hasken rana mai ƙuna, da hayaƙin taba da na itace, da wasu magungunan ƙwari, da gubar funfuna. Akwai kuma kuskuren kwafi, domin duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe kundin gaba ɗaya.

Idan lahani ya tsaya ba a gyara ba har aka kwafe shi, ya zama sauyi na dindindin. Yawancin irin waɗannan sauye-sauye ba sa cutarwa. Amma idan suka faɗa kan babin da ke tsawata wa ƙwaya kada ta yi ta rabuwa ba kai ba gindi, nan ne sankara ke samun ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanyoyin gyara

Ƙwayar halitta tana da ma'aikatan gyara iri-iri, kowane rukuni da irin ɓarnar da ya ƙware a kai.

Idan harafi ɗaya ne ya lalace, akwai furotin da ke cire shi, wani kuma ya saka sabo ta hanyar duba zaren da ke fuskantarsa. Lindahl ne ya fayyace wannan hanya. Idan kuma wani abu mai girma ne ya manne wa zaren har ya karkace, kamar yadda hasken rana ko gubar funfuna ke yi, sai a yanke gutsure mai haruffa kusan 30 a jefar, a cike gurbin kamar yadda tela ke yin faci. Aziz Sancar, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Savur a kudu maso gabashin Turkiyya, shi ya bayyana matakan wannan aiki. Hanya ta uku ita ce bin sawun kwafi a gyara inda aka haɗa haruffan da ba su dace ba, kuma Paul Modrich na Amurka ne ya yi fice a kanta. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2015.

Ɓarna mafi haɗari ita ce zaren biyu su tsinke a wuri guda. A nan ƙwaya tana da zaɓi biyu. Na farko ɗinkin gaggawa ne: a kamo bakin nan da bakin can a haɗa, ko da wasu haruffa sun salwanta. Furotin mai suna Ku70 yana cikin masu fara wannan aiki. Na biyu gyara ne na tsanaki: a nemo lafiyayyen kwafi na wannan wurin, a shimfiɗa tsinkakken zaren a kansa, a kwafo abin da ya ɓata harafi bayan harafi. Furotin Rad51 ne jagoran wannan, BRCA2 kuma shi ke ɗora shi a kan zaren. Wannan hanya ta biyu ita ce DT40 ta fi haskakawa.

Kaza a tarihin binciken sankara

Tun kafin DT40, kaza ta daɗe tana yi wa ilimin likitanci hidima. A 1911 Peyton Rous, likita a Cibiyar Rockefeller da ke birnin Niyok, ya nuna cewa ruwan da aka tace daga ƙarin wata kaza yana haifar da irin wannan ƙari a jikin lafiyayyar kaza. Ma'ana, bairos na iya jawo sankara. Masana zamaninsa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, sai a 1966 aka ba shi Nobel, bayan shekara 55. Daga wannan bairos ɗin ne Michael Bishop da Harold Varmus suka gano a 1976 cewa babin da ke haddasa sankarar asalinsa na kazar ne, bairos ya ɗauko shi ya gurɓata. Daga nan aka fahimci cewa tushen sankara yana cikin kundin gadonmu, lahani ne ke tayar da shi.

Gudummawa ta biyu ta fito daga wata 'yar jaka da ke saman duburar tsako, wadda ake kira jakar Fabricius da sunan masanin Italiya da ya fara bayaninta. A 1956 Bruce Glick da Timothy Chang na Jami'ar Jihar Ohayo suka ba da rahoton cewa kajin da aka cire wa wannan jaka tun suna ƙanana ba sa iya samar da garkuwar da ke yawo cikin jini. A cikin jakar ne wani rukunin dakarun jiki ke girma, kuma daga sunanta na Latin aka laƙaba musu harafin B.

Duk mai kiwon kajin gidan gona a Katsina ko Kano ya san wannan jaka ta wata fuskar, ko da bai san sunanta ba. Ita ce cutar Gumboro ke cinyewa, shi ya sa tsakin da suka tsira daga cutar ke zama abin tausayi, kowace cuta ta zo ta kayar da su, kuma shi ya sa ake ba su rigakafinta a ruwan sha tun suna 'yan makonni. An sa wa cutar sunan wani gari ne a jihar Delawaya ta Amurka inda aka fara lura da ita.

Asalin DT40 da abin da ya bambanta ta

Akwai wani bairos na tsuntsaye da ke cusa kundinsa cikin DNA na kaza. Idan ya sauka kusa da babin da ake kira myc, sai ya hura masa wuta, ƙwayoyin B da ke cikin jakar Fabricius su shiga rabuwa ba tsayawa. Daga irin wannan sankara a jikin wata farar kaza 'yar asalin jinsin Leghorn aka samo DT40. Timothy Baba da Brett Giroir da Eric Humphries ne suka wallafa bayaninta a Amurka a 1985.

Darajarta ta fito fili a 1991, lokacin da Jean-Marie Buerstedde da Shunichi Takeda, suna aiki a Cibiyar Nazarin Garkuwar Jiki ta Basel a Suwizalan, suka gano wata baiwa da take da ita. Mai bincike da ke son sanin aikin wani babi yakan lalata shi da gangan, ya ga abin da zai faru. Yadda ake yi shi ne a haɗa gutsuren DNA mai kama da babin amma da tawaya a tsakiya, a cusa shi cikin ƙwaya, da fatan zai je ya maye gurbin na asali. A ƙwayoyin mutum da yawancin dabbobi, gutsuren yakan faɗa ko'ina ne, da wuya ɗaya cikin ɗari ya sauka inda ake so. A DT40 kuwa, sau da yawa rabi ko fiye na sauka daidai wurin.

Ana danganta wannan baiwa da yadda kaza ke gina garkuwarta. A 1987 Claude-Agnès Reynaud da Jean-Claude Weill na Faransa sun nuna cewa a ɗaya daga cikin sassan garkuwar kaza, babi ɗaya tak ne ke aiki, amma a gefensa akwai wasu 25 da ba sa aiki. Ƙwayar B takan yi ta kwafo gutsattsari daga waɗannan 25 tana liƙawa a kan mai aikin, ta haka kaza ke samun garkuwa kala-kala. Kenan ƙwayar B ta kaza ta saba da neman wuri mai kama da wani ta kwafa, kuma DT40 ba ta daina wannan sana'a ba ko a cikin kwalba.

Tana da wasu fa'idodin. Takan ninka yawanta cikin sa'a 8 zuwa 10, alhali ƙwayoyin mutum da ake rainonsu a kwalba kan ɗauki kusan kwana guda. Kuromosom ɗinta ba sa yawan rikicewa daga tsara zuwa tsara, saboda haka bambancin da aka gani tsakanin kwalba biyu ana iya jingina shi ga babin da aka cire. Ana iya cire babi biyu ko uku a ƙwaya guda. Sannan lokacin da aka kammala karanta kundin gadon kaza a 2004, an ga cewa girmansa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na na mutum, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na babukansa suna da takwara a jikin ɗan Adam. Babukan gyaran DNA suna cikin waɗanda suka fi kama da juna.

Yadda ake gudanar da gwajin

Ana rainon DT40 cikin ruwan abinci mai sukari da gishiri da ruwan jinin ɗan maraƙi da na kaza, a cikin akwati mai ɗumin digiri 39.5, kusa da ɗumin jikin kaza, wanda ya ɗara na mutum. Abin da ba a bukata nan take ana daskarar da shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda zai iya shekaru.

Mai gwaji yakan jera kwalabe. Ta farko tana ɗauke da ƙwayoyin da ba a taɓa ba. Ta biyu an cire mata babin ɗinkin gaggawa, ta uku babin gyaran tsanaki, ta huɗu babin faci, haka har a kai gomiya. Sai a zuba musu sinadarin da ake tuhuma, daidai wa daida. Bayan kwana biyu ko uku a ƙirga waɗanda suka rayu. Idan duk kwalaben sun mutu daidai da juna, sinadarin guba ne amma ta wata hanyar yake kisa. Idan kuwa kwalbar da aka cire wa wani babin gyara ta fi saura mutuwa, an sami amsa biyu a lokaci guda: sinadarin yana lalata DNA, kuma ga irin lahanin da yake yi, tunda an ga wane ma'aikaci ne rashinsa ya fi ciwo. Shirin gwamnatin Amurka na tantance dubban sinadarai, mai suna Tox21, ya yi amfani da wannan dabara.

Abubuwan da aka gano

A 1998 ɗakin gwajin Takeda da ke Jami'ar Kiyoto ya warware wata matsala. An san cewa ɓeran da aka cire wa Rad51 yana mutuwa tun yana ɗan tayi, amma ba a ga dalili ba. Sai aka shirya DT40 da Rad51 ɗinta ke kashewa da zarar an zuba maganin tetarasakilin. Da aka kashe shi, kuromosom suka shiga kakkaryewa, ƙwayoyin suka mutu, ba tare da an haska musu komai ko an zuba musu guba ba. Wannan ya tabbatar da cewa zare yana tsinkewa a duk lokacin da ƙwaya ke kwafar kundinta, kuma gyaran tsanaki aikin yau da kullum ne. A wannan shekarar kuma aka nuna cewa ƙwayar da ta rasa hanyoyin gyaran tsinkewa biyu ta fi wadda ta rasa ɗaya rauni nesa ba kusa ba, wato hanyoyin suna rufa wa juna baya.

A 2002 aka nuna da DT40 cewa furotin AID, wanda ke yi wa DNA rauni da gangan, shi ne ke tayar da kwafe-kwafen da ke gina garkuwar kaza. Ashe jiki yakan ji wa kundinsa ciwo a wuri ƙayyadadde domin ya sami sababbin makamai.

An kuma yi amfani da ita wajen fahimtar cutar Fanconi, wata cutar gado da ke busar da ɓargon yara, ta kuma jawo musu sankarar jini. A 2007 aka ga cewa DT40 da aka cire wa babukan Fanconi tana mutuwa da ɗan ƙanƙanin fomaldihaid, sinadarin da ruwansa ake kira fomalin. Ɗakin gwajin Ketan Patel a Kambirij ya bi wannan sawu har ya nuna cewa fomaldihaid da danginsa da jiki ke samarwa da kansa suna cikin abokan gabar da wannan hanyar gyara ke karewa.

Misalin da ya fi kusa da gadon asibiti shi ne na magungunan da ke toshe furotin PARP. Matar da ta gaji tawaya a BRCA1 ko BRCA2 tana cikin haɗarin sankarar mama da ta ƙwan mace, kuma ƙwayoyin sankararta ba su da gyaran tsanaki. Idan aka toshe musu PARP, sai su rasa mafita su mutu, lafiyayyun ƙwayoyi kuma su tsira. A 2012 Junko Murai da Yves Pommier na Cibiyar Sankara ta Amurka, tare da Takeda, suka nuna da DT40 cewa maganin yana ɗaure PARP ne a kan zaren ya zama shinge, kuma wannan ɗaurin na cikin manyan dalilan kisan. An amince da olaparib, na farko a wannan rukuni, a 2014. Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ta jagoranta a Ibadan, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa kimanin kashi 11 cikin 100 na matan da ke da sankarar mama da aka gwada suna ɗauke da tawaya a ɗaya daga cikin babukan biyu.

Iyakokinta

DT40 ƙwayar sankara ce ta tsuntsu, kuma dole a karanta sakamakonta da wannan a zuci. Furotin p53, mai gadin da ke tsayar da ƙwaya ko ya umarce ta ta mutu idan DNA ya lalace, ba ya aiki a cikinta. Tana kuma shafe mafi yawan lokacinta tana kwafi, abin da ke sa gyaran tsanaki ya fi nauyi a wurinta fiye da a yawancin ƙwayoyin jikin mutum. Ba ta yin aikin hanta, don haka gubar da sai hanta ta sarrafa ta kafin ta zama mai cutarwa, sai an haɗa mata da tataccen ruwan hanta a gwajin. Tun bayan da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka fito da almakashin CRISPR a 2012, yanke babi a ƙwayar mutum ya zama mai sauƙi, ɗakunan gwaji da yawa sun koma can. Duk da haka ana ci gaba da amfani da tarin ire-iren DT40 da aka gina cikin shekara 30, musamman wajen gwada sinadarai da magungunan sankara.

Daga kwalba zuwa rumbu

A cikin abubuwan da ke lalata DNA, wanda ya fi kusa da tukunyar mutumin Kankiya da Kusada shi ne aflatoksin, gubar da wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara, da dawa da gero a wasu lokutan. Ita ma tsuntsaye ne suka fallasa ta. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, bincike ya kai ga tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil.

Idan mutum ya ci aflatoksin, hantarsa takan yi ƙoƙarin sarrafa ta, a wajen haka sai ta mayar da ita wani sinadari mai manne wa harafin G. Wannan shi ne irin lahanin da ake yi wa faci ta hanyar da Sancar ya bayyana. Inda facin bai kai ba kafin kwafi, G takan koma T. A 1991 masu bincike suka gano cewa a sankarar hanta ta mutanen kudancin Afirka da ta yankin Qidong na ƙasar Sin, wannan sauyi yana yawan faɗawa wuri guda a babin p53, wato guba tana kashe mai gadin ne da kansa. Hukumar Binciken Sankara ta Duniya da ke Liyon ta sa aflatoksin a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum sankara.

Haɗarin yana ninkuwa idan gubar ta tarar da ciwon hanta nau'in B. Bairos ɗin yana sa hanta ta yi ta mutuwa tana sabuntawa, kwafi ya yawaita, lokacin gyara ya ragu. An ƙiyasta cewa mai ɗauke da bairos ɗin da ke cin aflatoksin ya fi wanda ba ya ɗauke da shi haɗarin sankarar hanta har kusan sau 30. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Idan gubar ta yi yawa a lokaci guda kuma, kisa take yi nan take, kamar yadda ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya a 2004 ta hanyar masara.

Yanayin tsakiyar Katsina yana ba funfunar dama ta fuska biyu. Idan ruwa ya ɗauke da wuri gyaɗa tana ƙarƙashin ƙasa mai zafi, kwansonta ya yi rauni, funfuna ta shiga tun a gona. Idan kuma ruwan ƙarshe ya sauka kan amfanin da aka shanya a ƙasa, ko aka zuba shi rumbu bai gama bushewa ba, sai ta yaɗu a ajiya, ƙwari suna buɗe mata hanya. Dafuwa da suya ba sa kashe gubar. Tana bin gyaɗa zuwa ƙuliƙuli da tunkuza da yajin tsire da kunu. Mai sayen amfani daga kasuwar Charanchi ko Dawanau yakan zaɓi mai kyau, ragowar da aka tsince ita ke komawa tukunyar gida ko gaban kaji da shanu. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar dusa tana fitar da wani nau'in gubar a nononta, kazar kuma ta rage ƙwai, garkuwarta ta yi rauni.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Maganin wannan matsala ba ya jiran sabon bincike. A yankin Kindiya na ƙasar Gini an gwada matakai masu sauƙi a ƙauyuka 20: tsince gyaɗa da hannu, shanya a kan tabarma, tabbatar da bushewa, zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa gubar da ke jinin mutanen ƙauyukan da suka bi matakan ta gaza rabin ta sauran. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta fitar da guba, wadda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure domin ta mamaye wurin kafin mai gubar ta iso. Yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kuma tana cikin jerin alluran yara na Nijeriya tun 2004, kuma ta farko ta fi amfani idan an yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa, abin da ke da wuya ga jaririn da aka haifa a gida nesa da asibiti.

Nan ne batun ya koma hannun masu mulki da masu zaɓensu. Kankiya tana da babban asibiti, tana kuma da makarantar fasahar kiwon lafiya da ke yaye ma'aikatan lafiya na matakin farko. Jihar tana da hukumar KTARDA mai kula da malaman gona, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Matashin da ya sami damar tsayawa gaban ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kankiya da Ingawa da Kusada, ko ɗan majalisar jiha, ko shugaban ƙaramar hukuma, yana da tambayoyin da ake iya amsawa da alƙaluma. Jarirai nawa ne a mazaɓar suka sami allurar hanta a ranar haihuwa? Mata masu ciki nawa aka yi wa gwajin bairos ɗin? Malaman gona nawa ke zagaya ƙauyuka lokacin girbi, kuma wane dillali ne ke da Aflasafe kafin damina? Wa ke gwada gyaɗa da masarar da ake sayarwa a kasuwanninmu, ganin cewa Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikirogiram 4 na aflatoksin a kowane kilo?

Akwai kuma tambayar bincike. Rainon DT40 ba ya bukatar na'urori masu tsadar gaske. Yana bukatar akwatin ɗumi da ba ya mutuwa, da naitirojin da ba ya yankewa, da ruwa mai tsabta, da malamin da aka biya haƙƙinsa ya zauna a ɗakin gwaji. Ɗaukewar wuta ta dare ɗaya tana iya shafe aikin wata shida. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, Tarayyar Afirka kuma ta sa burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan bincike. Da waɗannan ma'aunai biyu ya kamata a auna kasafin tarayya da na jiha duk shekara, a kuma bi kuɗin TETFund a ga ko sun isa ɗakin gwaji. Magungunan ƙwari da ake zuba wa wake, da man bilicin, da haɗe-haɗen gargajiya da ake tallatawa a tasha, duk abubuwa ne da jeren kwalabe irin na DT40 zai iya tantancewa cikin mako guda, idan akwai wuta da kuɗin aiki a Katsina ko Dutsin-Ma ko Zariya.